Kalacin Hantsi a Samaru: Faten Dankali da Jam ɗin Gwaba

A Zariya karin kumallo abu ne da ake gamawa da wuri, domin kafin rana ta ɗaga sosai mai ƙosai ta sauke kaskonta, mai koko ta kife ƙwaryarta, wanda ya makara kuwa sai ya nufi teburin mai shayi ko ya haƙura har azahar. Wannan ne ya sa na ji sha'awa da wani abokina malamin jami'a ya ba ni labarin wani ɗan gidan abinci a Samaru, a kan hanyar Sakkwato, wanda ba ya sayar da komai sai abincin safe, tun daga ƙarfe takwas har zuwa kiran sallar azahar. Na je wurin sau uku a ƙarshen daminar bana, ranar Talata sau ɗaya ni kaɗai, sannan Asabar biyu tare da maiɗakina.

Wurin ba shi da girma. Tebura shida ne a ɗaki ɗaya, akwai kuma tabarmi biyu a gefe don masu son zama a ƙasa, kuma yawancin masu zuwa ɗalibai ne da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tun kafuwarta a 1962 ta mayar da Samaru unguwar da ake samun kowane irin baki da kowane irin ciki. Tsabta ba ta da laifi.

Abin da ya fi komai a gidan shi ne faten dankalin Turawa, kuma a kansa nake son in daɗe. An yanka dankalin manya-manya, an dafa shi a cikin jajjagen tumatir da attaruhu da albasa, da ɗan manja kaɗan wanda ya ba shi launi ba tare da ya rinjayi ɗanɗanon ba, sannan aka zuba alayyafo da yankakkiyar hanta a ƙarshe, ta yadda ganyen bai mutu ba kuma hantar ba ta yi tauri ba. Duk wanda ya taɓa dafa fate ya san inda wahalar take: idan aka sauke da wuri sai romo ya tsaya gefe, dankali ya tsaya gefe, idan kuma aka bar shi ya zarce sai ya koma kamar kunu. A nan gefen kowane yanki ya narke ya ɗaure romon, tsakiyarsa kuma tana nan da jikinta, sai ka sa cokali ta rabe biyu tana tururi. Maiɗakina, wadda ba ta cika yabon girkin waje ba, ta ɗanɗana sau biyu ta yi shiru, sannan ta ce akwai daddawa a ciki amma an ɓoye ta da wayo. Da muka tambaya, haka abin yake.

Hajiya mai gidan ta ce dankalinta daga Filato ake kawo mata shi da buhu, ta hanyar Saminaka da Pambeguwa, kuma ba ta saye a hannun 'yan tire. Wannan ba abin mamaki ba ne, tunda mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a ƙasar nan daga tsaunukan Jos yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu, inda tsayin ƙasa da sanyi suka dace da shi. Asalinsa ma tsiron tsaunuka ne na Amurka ta Kudu, wajen ƙasar Peru, Turawa ne suka kai shi ƙasashensu sannan suka zo mana da shi, shi ya sa sunansu ya manne masa don a bambanta shi da namu dankalin Hausa mai zaƙi. Na lura da wani abu da na yaba: buhunan suna cikin wani lungu mai duhu, an ɗora su a kan katako. Dankalin da haske ya daɗe yana dukansa fatarsa takan yi kore, kuma wannan koren alama ce ta wani sinadari mai ɗaci da ke ɓata ciki, abin da masu kasa shi a rana a bakin titi ba su damu da shi ba.

Soyayyen dankali da wainar ƙwai kuwa labarinsa biyu ne. Ranar Talata, da babu cunkoso, ya zo da zafinsa, bayansa yana ƙaras-ƙaras, cikinsa da laushi, kuma da gani an jiƙa shi a ruwa an tsane kafin a jefa a mai, an kuma soya shi sau biyu, na farko a wuta kaɗan don ya nuna, na biyu a mai mai zafi don ya yi ja. Ranar Asabar ta farko sai da muka yi kusan minti arba'in muna jira, da farantin ya iso kuma dankalin ya yi sanyi ya langaɓe, ya sha mai har yana barin sawu a farantin. Na kira yaron da ke hidima na ce, "Samari, wannan ai tun ɗazu aka soya shi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, kasko ɗaya gare mu, mutane kuma sun yi yawa." Ya canza mana ba tare da gardama ba, amma gidan da ya san Asabar ce ranar kasuwarsa bai kamata ya dogara da kasko ɗaya ba.

Sai batun jam, wato 'ya'yan itacen da ake dafawa da sukari har su yi kauri don shafawa a burodi, wanda shi ne ainihin abin da ya bambanta gidan da sauran. Hajiya ce take dafa shi da hannunta, kuma ana kawo kala uku a ƙananan kwanonin tangaran tare da burodi da man shanu: na gwaba, na zoɓo, da na sitiroberi. Na gwaba shi ne sarkinsu. Launinsa ja ne mai duhu, an tace 'ya'yan tas, yana tsayawa a kan cokali ba ya zuba, kuma da an buɗe kwanon ƙamshin nunanniyar gwaba yake fara isowa kafin zaƙin sukari. Dalilin kyansa a fili yake, domin jam ba ya ɗaurewa sai abu uku sun haɗu, wato sukari, da tsami, da wani sinadari da ke jikin 'ya'yan itace wanda masana ke kira fektin, gwaba kuwa tana da shi da yawa, ga shi kuma lokacinta ne, ana samunta a araha a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari. Hajiya ta ce ruwan lemon tsami kawai take ƙarawa, kuma ba ta da ma'aunin zafi. Takan ɗiga kaɗan a kan faranti mai sanyi ta tura da yatsa, idan ya tattare ya yi. Masu ma'auni sukan jira zafin ya kai wajen digiri 105 a ma'aunin Celsius, amma a kan na gwaba yatsan Hajiya bai yi kuskure ba a duk zuwana uku.

Na zoɓo ya ba ni mamaki, don ban taɓa tunanin abin da muke jiƙawa mu sha da ƙanƙara zai zauna a kan burodi ba. Yana da tsami mai wartsake baki, da ɗan yajin citta da kanumfari a bayansa. Ba kowa zai so shi ba, maiɗakina ma ta ce ya fi kama da magani, amma ni na ga ya fi dacewa da man shanu fiye da sauran biyun.

Na sitiroberi shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ya fi rauni. Ya yi ruwa-ruwa, zaƙinsa ya yi yawa, ƙamshinsa kuma ya gudu. Da na matsa da tambaya, Hajiya ta ce tun lokacin hunturu ta saro 'ya'yan daga Jos ta ajiye a firji, kuma kowa ya san yadda firji yake da wutar lantarkin garin nan. Ga shi kuma sitiroberi ba shi da fektin sosai, saboda haka sai an daɗe ana dafa shi ko a cika sukari, duka biyun kuwa suna kashe ɗanɗano. Ta ce ɗalibai ne suke tambayarsa saboda suna ganinsa a Instagram. Na fahimci uzurin ciniki, amma ina ganin asara ce, a garin da mangwaro ke ruɓewa a ƙarƙashin bishiya kowace bazara, ga tsamiya, ga kuma inabin da manoman Kudan suke nomawa nan kusa da mu.

Babban abin da ya rage wa jam ɗin daraja shi ne burodin. Irin na kanti ne mai sukari da laushi kamar auduga, wanda da an shafa masa abu mai danshi sai ya manne a dasashi, zaƙi kuma ya hau kan zaƙi. A zuwana na uku na roƙi a kawo mini waina daga tanda maimakon burodi, yaron ya dube ni kamar na yi saɓo, amma ya kawo. Ɗan tsamin ƙullun shinkafar da ƙonannen gefen wainar suka karɓi jam ɗin gwaba fiye da yadda na zata, har wani dattijo da ke teburin kusa ya ce, "Malam, mu ma a ba mu irin naka mu gani." Shayin gidan mai citta da na'a-na'a ne, ana kawo madara daban, kuma akwai kunun gyaɗa mai kauri ga wanda ba ya son shayi.

Farashi ba na talaka ba ne, domin abin da mutum ɗaya zai biya a kan fate da shayi zai ciyar da mutum uku a wurin mai ƙosai, sai dai farantin a cike yake kuma yana riƙe ciki har la'asar. Wanda zai je ya zaɓi ranar aiki, ko ya isa kafin ƙarfe tara idan Asabar ce, ya nemi fate, ya bar soyayyen dankali sai ya ga ɗakin babu jama'a. Ana sayar da jam ɗin a kwalba don tafiya gida, amma babu ranar da aka dafa shi a jikin kwalbar, kuma na faɗa wa Hajiya cewa ya kamata ta riƙa rubutawa, tunda ba ta sa maganin hana lalacewa. Na sayi kwalba ɗaya ta gwaba duk da haka, yara suka gano inda aka ɓoye ta a rana ta biyu, kuma ba ta kai Juma'a ba.