Tsinke ko Lemun Tsami: Da Me Za A Goge Tsohon Maɓalli?

Tun da na tsinci maɓallin tagulla a bayan gidanmu kusa da Dala, bayan ruwan sama ya zaizaye ƙasa, ake ta tambayata: a jiƙa a lemun tsami ne, ko a bi da tsinke?

Kuɗi dai duka ba wani abu ba ne. Lemun tsami ya fi sauri, minti kaɗan sai ƙyalli. Amma tsaminsa yana cinye koren dattin da ke kare ƙarfen, ya bar shi jaja-jaja, rubutu ya dushe. Abin da ya ci kuwa ba ya dawowa.

Tsinken sakace da burushi mai laushi, a bushe, sai mai haƙuri. Kwana uku na yi ina bi a hankali kafin bishiyar kwakwar manja ta bayyana, tambarin rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda ta ci Kano a 1903. Ku duba bayansa ma, nan maƙera ke buga sunan kamfaninsu, kuma kada a taɓa kunnen da ake zura zare a ciki, saurin karyewa gare shi.

Mai maɓallin zamani da ke son ado, lemun tsami ya ishe shi, ya ɗauraye ya busar. Mai neman tarihi ya riƙe tsinke, sannan ya kai Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, a duba masa.