Duhun kogo da duhun gida: The Descent ko Lights Out?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a finafinan ban tsoro mutum zai ji motsi ya kutsa ɗaki bai kunna wuta ba, kuma ko akwai fim ɗin da duhunsa ke da dalili. Akwai. Mu da muka saba da ɗauke wuta, duhu kaɗai ba ya firgita mu, tocila muke lalubowa. Sai labari ya gamsar da mu cewa babu hanyar samun haske.

Ɗauki The Descent na Neil Marshall, fim ɗin Birtaniya na 2005. Mata shida ne suka shiga kogo a tsaunukan Appalachia na Amurka. Jagorarsu Juno ta yaudare su, ta kai su kogon da ba shi da taswira, don haka ko masu ceto sun fito, wani kogon daban za su nufa. Sai hanya ta rufta a bayansu. A nan wa zai ce a kunna wuta? Hasken da kake gani na hannunsu ne: fitilar hular kwano, sandar haske, da kyamara mai gani a duhu. Abin da ya fi burge ni, dodannin kogon makafi ne, da sauti suke farauta. Ashe haske ba ya tona asirin kowa, numfashi da ihu ne ke jawo ajali. Tun ma kafin dodo ya bayyana, ƙuncin ramin ya riga ya shaƙe ka.

Lights Out na David F. Sandberg, 2016, wanda ya samo asali daga gajeren fim ɗinsa na 2013, ya bi ta wata hanya. Ya mai da duhu doka: fatalwar, Diana, ba ta bayyana sai inda babu haske. Mutanen ciki kuwa ba wawaye ba ne. Suna kunna kyandir, suna haska waya, har wani ya tsira da fitilar mota. Wurin da 'yan sanda ke harbinta, tana ɓacewa da walƙiyar kowane harsashi tana ƙara matsowa, gwaninta ce ta gaske.

Inda ya yi mini rauni shi ne da aka ba Diana ikon katse wutar gida. Idan za ta iya haka, me take jira tun farko? Nan take ka gane cewa hannun marubuci ne a kan makunnin, yana kashewa lokacin da yake bukatar ka razana.

Shi ya sa na fifita The Descent. Duhunsa na wurin ne, ba wanda ya kawo shi, ba mai iya kore shi. Idan za ka kalla, nemi na Birtaniya, domin wanda aka fitar a Amurka an datse ƙarshensa.