Auta, Kafin In Aiko Maka da Sugino 75

Auta, na ga saƙonka tun daren Juma'a tare da hoton, amma ban samu zama ba sai yau Lahadi. Ka ce ka tsinci gangar jikin wani tsohon keken tsere wajen masu kayan gwanjo, kana so ka haɗa fiksi, wato keke mai giya ɗaya da ba ya firi, irin wanda kake gani a TikTok, abin da ya rage maka hannun feda ne da faranti, wato babbar giyar gaba da sarƙa ke hawa, don haka in aiko maka da hannun fedar nan na Japan, Sugino 75. Na yi dariya har wanda muke ɗaki ɗaya ya leƙo yana tambayar lafiya. Ka san kuɗinsa kuwa? A shagon da na duba nan Liyon ta Faransa ya haura Yuro 300, kuma hannuwan ne kawai, ban da faranti, ban da sandar tsakiya da hannuwan ke ɗaure a jikinta. Yuro ɗaya sefa 656 ne, buga lissafi: jika 200 ba kaɗan. Kai ka fi ni sanin buhun hatsi nawa ke nan lokacin kaka.

Kada ka ɗauka kushe shi nake yi. Kaya ne na gaske. A Japan akwai wani tseren keke da ake kira keirin, tun 1948 ake yin sa, ana zuba kuɗin caca a kai, saboda haka hukumarsu ba ta yarda a hau fili da ƙarfen da ba shi da hatimin amincewarta, NJS. Sugino 75 na cikin masu wannan hatimi, kuma rabin tsadarsa ke nan. An ƙera shi ne don ƙatti masu cinya kamar turmi, masu tuƙi a fili mai santsi wanda aka gina don gudu kawai. Akwai irin filin a nan cikin lambun Tête d'Or, na je kallo sau biyu. Babu rairayi, babu tsidau, babu akuyar da za ta gitta maka. Kai kuwa daga unguwar Zariya za ka tashi zuwa Babbar Kasuwa, ran hutu ka miƙa Madarumfa ko Tibiri. Ƙafarka ba za ta taɓa bambance shi da na jika 15 ba.

Bari in gaya maka abin da ke jikin nawa keken, wanda nake zuwa aiki da shi shekara uku ke nan. Tsohon Shimano 600 ne na shekarun 1980, na same shi a Leboncoin, shafin da mutanen nan ke sayar da tsofaffin kayansu. Wani dattijo ne ya fito min da shi daga garejinsa cikin ledar burodi, duk ya yi baƙi da busasshen giris, ya ce Yuro 20, jika 13 da ɗoriya. Ban ko taya ba. Na wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sai ga alminiyam yana ƙyalli. Da tsohuwar zuma ake magani. Irin waɗannan hannuwa na keken tsere suna zuwa da faranti biyu, babba mai haƙori 52 da ƙarami mai 42. Na kwance babban na rataye a ƙusa, na bar ƙaramin a gurbinsa na ciki. Shi ke nan, ban sayi faranti ba ko na dala. Notocin guda biyar ne kawai suka yi tsawo tunda an cire faranti ɗaya. A nan gajeru ake saye, kai kuma kana iya sa washa ko ka rage su da magagari.

Akwai dalilin da ya sa na bar shi a gurbin ciki. Fiksi ba shi da abin da ke jan sarƙa ya miƙar da ita kamar keke mai giya-giya, kuma ba ya firi, muddin taya na juyawa feda na juyawa. In sarƙa ta karkace za ta yi ta ƙara, ta cinye haƙora, wata rana kuma ta zame kana cikin gudu ta maƙale, taya ta tsaya cak, ka ji ka a ƙasa. Ƴar giyar baya ta fiksi yawanci tana zama milimita 42 daga tsakiyar keke. Gurbin ciki na hannun keken tsere kuma wajen 41 yake faɗawa in sandar tsakiya tasa ce. Ka ga sun yi kusan daidai ba tare da ka kashe komai ba. Ka ɗora rula daga tsakiyar bututun da ke ƙarƙashin sirdi zuwa kan haƙorin faranti, ka gani da idonka. In ya kauce da milimita ɗaya ko biyu ba komai, in ya kai biyar sai a canza sandar tsakiya da mai tsawo ko gajera.

Abin da ya fi cinye wa mutane kuɗi shi ne su sayi faranti su kawo gida, ramukan su ƙi haɗuwa da na hannun. Duka ramuka biyar ne, da ido ba ka rabewa, amma da'irar da suke kai ta bambanta. Faɗin da'irar a kekunan fili milimita 144 ne, na tseren hanya irin Shimano 130, wasu na baya-bayan nan 110, Campagnolo na Italiya 135, tsofaffin Stronglight kuma 122. Ba sai ka nemo tsakiyar da'ira ba: auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi. In ka samu milimita 76 da ɗan ɗigo, 130 ne. In 84 da rabi ne, 144. In 64 da ɗoriya, 110. Rubuta wannan a takarda ka sa a aljihu kafin ka shiga kasuwa. Ni a ganina 130 ya fi maka, don farantansa sun fi yawa a gwanjo, kuma yana karɓar ƙarami har mai haƙori 38. Na 122 kuwa, ko an ba ka kyauta ka yi godiya ka wuce, randa farantin ya cinye neman wani zai gajiyar da kai.

Ga wurin da Maradi ta fi nan sauƙi. Sarƙa iri biyu ce: mai faɗi, wadda ake ce wa 1/8, da siririya 3/32 ta keke mai giya-giya. Mai faɗin tana hawa kan kowane faranti, siririyar kuwa ba ta shiga haƙori mai kauri. To mai faɗin ita ce sarƙar kekunan nan na Sin da Indiya, Phoenix da Hero, irin wanda Baba ya yi shekaru yana zuwa gona da shi. Kowane mai kayan keke yana da ita a rataye. Kada ka bari wani ya ce maka fiksi na da wata sarƙa ta musamman.

Tsawon hannu kuma, juya shi ka duba bayansa kusa da ramin feda, a rubuce yake. Nawa milimita 170 ne. Da na samu 165 da shi zan ɗauka, domin a kwana ba ka da ikon tsayar da feda sama, in ka kwanta da yawa sai ta daki ƙasa ta ɗaga maka tayar baya. 175 kada ka kusance shi.

Iri biyu ne ba na so ka saya, kuma su suka fi cika kasuwarmu. Na farko shi ne hannun ƙarfe irin na kekunan dā, wanda ƴar ƙusa mai noti ke riƙe shi a jikin sandar tsakiya. A keken Baba ba ya damun kowa, tunda gaba kawai ake takawa. A fiksi kuwa gaba kake takawa, baya kake dannewa in za ka rage gudu, wannan kai-komo yana lasar ƙusar har hannun ya fara ƙwal-ƙwal, yau a buga gobe a buga. Na biyu shi ne mai araha wanda aka matse faranti a jikin hannun tun daga masana'anta, babu noti ko ɗaya. Ba ka iya canza farantin, kuma da yawansu ba su da cikakken zagaye: sarƙa ta ɗaure a wani wuri, ta saki a wani. Nemi wanda ramin tsakiyarsa murabba'i ne, farantinsa kuma da notoci biyar. Ko mai notoci ya nuna maka wannan ɗaure-saki, sassauta notocin kaɗan, juya feda zuwa inda sarƙar ta fi tauri, ka ɗan ƙwanƙwasa farantin ya koma baya, ka yi ta yi har ta daidaita, sannan ka ɗaure.

In ka nace sai sabo, akwai Andel na Taiwan, da Miche na Italiya, da Stronglight da ake yi a Sant-Etiyen, garin da bai fi kilomita 60 daga nan ba, wanda dā shi ne cibiyar ƙera kekuna a Faransa. Duk ba su kai rabin kuɗin Sugino ba.

Abin da na lura da shi tun zuwana shi ne, a nan ƙarfe ne mai araha, hannun mutum ne da tsada. Shagon unguwarmu Yuro 50 yake caji a awa, jika 33, kuma sai ka yi alkawarin rana, ka ajiye keke mako guda. A gida ka tura keke gindin bedi, kafin ka shanye shayi an gama, ka ba da abin da ya sauƙaƙa. Ina kewar wannan ƙwarai. Sai dai namu guduma ce amsar kowace tambaya, alminiyam kuma ba ya son guduma. Hannu mai ramin murabba'i akwai ɗan ƙarfen da ake murɗawa a cikinsa ya turo shi waje salin-alin. In aka buge shi da guduma ramin ya buɗe, ya gama aiki, duk ɗaurin da ka yi sai ya kwance. Ni a wani zauren ƙungiya na koya, inda kake biyan kuɗi kaɗan a shekara, a ba ka kayan aiki ka gyara da hannunka, dattawa ƴan fansho na zagayawa suna nuna maka.

Can ɗin ma ban tsira ba. Keken da na fara haɗawa tsohon ɗan Faransa ne. Na sayo sabon gidan boris na tsakiya, na fara ɗaurawa, ya shiga zagaye biyu ya cije. Na ce tsatsa ce, na sa sifana da ƙarfi irin namu. Wata tsohuwa mai farin gashi ta ƙwace sifanar daga hannuna, ta leƙa ramin, ta girgiza kai. Ashe tsofaffin kekunan Faransa tiredinsu daban ne, milimita 35, kuma duka ɓangarorin dama ake ɗaure su, alhali na Ingila, wanda duniya ta bi, ɓangaren sarƙa hagu ake ɗaure shi. Na riga na cinye tiredin. Gangar jikin da na saya Yuro 40 haka na bar ta can. Hoton da ka turo bai nuna min suna ba, kuma ka san yawancin gwanjonmu daga ƙasashen nan yake fitowa, don haka kada ka bari a tura komai cikin ramin nan da ƙarfi. In na cikinsa na juyawa lafiya, a wanke shi, a sa sabon boris da giris, a mayar. Ramin fedar ma haka: na tsofaffin Faransa ya ɗan fi matsewa. Fedar hagu kuma hagu ake ɗaure ta a kowane keke, wannan ko yaron shago ya sani.

Sai maganar nauyi. Yaran bidiyo haƙori 48 gaba, 16 baya suke sawa. Yana da nauyi, kuma tunda 48 ninki uku ne cif na 16, duk lokacin da ka danne feda taya ta ja ƙasa, wuri ɗaya take ci, cikin ƴan makonni ka ga zare. Sa 17 a baya, cin ya rarrabu wuri 17. Da faranti 42 da 17, kowane zagayen feda yana kai ka mita 5 da ɗan abu, ya ishe ka kan kwalta, kuma in ka shiga lungu mai rairayi ba sai ka sauka ka tura ba. Ni da shi nake hawa tudun Croix-Rousse da ke nan Liyon, ina haki amma ina kaiwa. Ka tabbata bayan ƴar giyar akwai zoben da ke kulle ta, wanda ake ɗaurewa hagu. Walda ba ta maye gurbinsa.

Birki kuma ba shawara ba ce, umarni ne daga yayanka. A Faransa doka ta ce keke ya kasance da birki biyu, gaba da baya. Kai da za ka shiga tsakanin ƴan kabu-kabu da amalanke ran kasuwar Litinin, ko na gaba kaɗai ka sa. Kuma in kana goge sarƙa kada ka juya feda da tsumma a hannunka. Taya mai juyawa ba ta tsayawa don yatsa ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori. Ka hana yaran gidan wasa da shi in ka kifa shi.

Akwai wani ɗan garinmu da zai sauka Yamai ƙarshen wata. Zan ba shi ɗan ƙarfen cire hannu, da gajerun notoci biyar, da ƴar giya mai haƙori 17 da zobenta, sai hannun feda in na samu 165 a gwanjo kafin lokacin. Kai kuma kafin Laraba ka turo min hoton ramin tsakiya ta ɓangarorin biyu, da duk rubutun da ke jikinsa, ka auna min faɗinsa, ya kamata ka ga milimita 68, sannan tazarar da ke tsakanin ƙafafun baya inda taya ke shiga. Ka ɗauki hoton da rana, na ranar Juma'a duhu ne. Ka gaida Inna, ka ce mata yajin ya iso.