Hattara da mai "maganin tsatsa na Jamus"

Masu tsofaffin kayan ƙarfe a gida, a yi hattara. Akwai wani bawan Allah da ke zaga unguwanni a Kano, yana kuma watsa bidiyo a WhatsApp, da wani ruwa a jarka wai maganin tsatsa ne daga Jamus, shafa ɗaya ta kai shekara ashirin. Ni ya ci kuɗina, saura ƙiris ya kashe mana gadon Hajiyarmu.

Gadon ƙarfe ne mai rumfa, irin na Vono, da shi aka yi mata jere. Tsatsa ta ɗan kama ƙafafunsa da wajen notina, ba wani abin tashin hankali ba. Mutumin ya zo, ya tsoma tsumma a ruwan, ya goga a ƙafa ɗaya. Kafin ka ce kwabo ƙarfen ya yi fes. Wani wari ya tashi mai shaƙe maƙogwaro, shi kansa ya kawar da fuska ya ce, "Alhaji, ɗan matsa baya, ƙarfin maganin ke nan." Da ya gama sai ya bi gadon da wani baƙin abu mai sheƙi, ya karɓi Naira 25,000 ya tafi.

Cikin Agusta ne, damina ta sauka sosai. Ba a yi kwana goma ba tsatsa ta dawo jawur kamar an barbaɗa garin barkono, har wuraren da a da lafiyarsu lau. Sakatar ɗakin ma ta kama, zanin gado duk tabon mai. Lambarsa kuwa tun ranar a kashe.

Na kwance ƙafa ɗaya na kai wa wani dattijo mai walda. Ya sunsuna ya ce, "Ɗana, asid aka sa maka, irin wanda ake wanke tayil da shi. Wannan kuma baƙin man mota ne." Asid ɗin yana cinye tsatsa nan take, shi ya sa ido ke ruɗuwa, amma yana cin fenti da lafiyayyen ƙarfen ma, ya bar shi tsirara. In ba a wanke shi ba, ragowarsa kan maƙale a lungu tana jan danshi, tururinsa kuma ya bi duk ƙarfen da ke kusa. Tsatsa dai iska da laima take bukata; duk wanda bai raba ƙarfe da su ba bai yi komai ba, ko daga wace ƙasa jarkarsa ta fito.

Yadda Baban ya sa muka yi: muka wanke da ruwan kanwa don ya karya asid ɗin, muka ɗauraye, muka shanya a rana har ya bushe ƙayau. Sannan buroshin waya da samfefa, har cikin notina. A ranar, ba a bari ya kwana ba, aka shafa jan fentin nan na ƙasa da ake fara sa wa ƙofofin ƙarfe, ya sha iska, aka bi da fentin mai sau biyu. Ya ce kada a taɓa rufe tsatsa da fenti, daga ciki za ta kumburo. Ya ce kuma da so samu ne aikin hunturu ne wannan, lokacin da iska ta bushe. Ƙarƙashin ƙafafun muka sa yankakken robar taya, saboda siminti na tsotso laima.

Alamar mai maganin nan: ba ya yarda ya bar maka jarkar, ba ta da rubutu ko ɗaya, kuma ya fi tambayar tsofaffin gadaje, akwatunan ƙarfe da ƙafar keken ɗinki. In ya ga kayan sun lalace yakan ce a sayar masa a kuɗin gwangwan. Maƙwabciyarmu haka ta rabu da ƙafar Singer ɗin mahaifiyarta.