Manhajar BOINC: aikin gayya tsakanin kwamfutoci

Wata uku ke nan da na saka manhajar BOINC a kwamfutar shagona da ke Garwa, kuma ita ce ta fahimtar da ni bambancin tsarin girid da tsarin gajimare. Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka ce ta fito da ita a 2002, kyauta ake sauke ta.

Girid tamkar aikin gayya ne a gona. Ana yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, a raba wa dubban kwamfutoci masu iyayen gida daban-daban, kowace ta nome kunyarta ta mayar da sakamako. BOINC da wannan tsari take aiki, kuma cikin shirye-shiryenta ni na zaɓi shirin Einstein@Home, mai neman wasu taurari masu jujjuyawa, don haka duk lokacin da babu abokin ciniki, kwamfutata tana taya masana bincike. Gajimare kuwa haya ce: kamfani ɗaya, irin su Amazon, shi ke da injinan, kai kuma ka biya gwargwadon abin da ka yi amfani da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar ba ta buƙatar intanet koyaushe, domin tana karɓo aiki, ta yi shi ko layi ya yanke, ta aika daga baya. Sai dai tana ɗumama inji, wanda a zafin watan Afrilu na Garwa ba ƙaramin abu ba ne, tana kuma ƙara kuɗin wuta. Wanda ke neman wurin adana takardun kasuwancinsa, wannan ba tasa ba ce, gajimare zai nufa da sefarsa a hannu.