Kafin in sayo maka fikof ɗin jitarka

Ƙanina, saƙonka ya iso, na kuma saurari ɗan kiɗan da ka naɗa ka turo. Ƙugin da kake kuka da shi na ji shi sarai, kamar ƙudan zuma ya maƙale cikin lasifika. Ka ce in sayo maka fikof na kamfanin EMG in aiko, wai daga shi babu sauran magana. Ban saya ba tukuna. Da na gaya wa Yaya abin da kake so ma dariya ta yi, ta ɗauka a-kori-kura kake nema, sai da na yi mata bayani cewa ɗan maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai, yana zaune ƙarƙashin tsirkiya yana mayar da girgizarta lantarki.

Bari in fara da abin da ya same ni a nan Jamus. Jitar bes ɗina, wato jita mai kaurin murya, mai tsarin Precision ce na kamfanin jita Fender, amma ba ta Fender ba, kwaikwayo ce. Wata rana ana cikin gwaji sai muryarta ta sirance, kaurin ya ɓace, in na murɗa maɓallin sauya launin sauti sai ta yi tsit gaba ɗaya. Na kira wani mai gyara a waya, ya ba ni rana bayan mako biyu. A nan ba a faɗo wa mai sana'a haka kawai, ko sukuru zai ɗaure maka sai ka nemi lokaci. Ranar da na je, dattijon bai tambaye ni wane kamfani nake so ba. Kebul ya soka, ya ɗora ƙafafun mitar awon lantarki a bakinsa, ya juyo mini fuskar mitar. Lafiyayyen fikof irin wannan yakan nuna wajen kilo-om 10 zuwa 11. Nawa bai nuna komai ba. Ya kwance farantin roba, ya kawo gilashin ƙara girma, ya nuna mini wani koren tsatsa a gindin naɗin, inda gumi ya daɗe yana shiga har ya cinye wayar. Ya ce ana iya sake naɗawa, amma ladan aikin zai kai kuɗin sabo ko ya wuce. Haka ƙasar nan take: kaya birjik, hannun mai gyara kuwa da tsada.

Wajen kaya kam ba a magana. Akwai wani ƙauye a jihar Bavariya, Treppendorf, inda kamfanin Thomann yake tun 1954, kuma daga wannan ƙauyen suke aika kayan kiɗa ko'ina a Turai. Ka zauna a ɗaki ka zaɓa, bayan kwana biyu ko uku ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofa. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ba tare da ya faɗi dalili ba, akwai kuma lamunin shekara biyu idan kayan sun zo da aibi. Su Thomann sun ƙara nasu, kwana 30 na mayarwa da garantin shekara uku. Sai dai fikof ba riga ba ce da za ka gwada ka cire. Da zarar ka datse wayarsa ka ɗiga masa dalma, mai sayarwa yana da haƙƙin ya zabge wani abu daga kuɗinka. A shagon gari kuwa kaya ba su kai rabin haka yawa ba, amma za a miƙa maka jitar da ke ɗauke da irin fikof ɗin ka kaɗa da hannunka. Wannan ya fi mini duk bidiyon gwaji da na kalla, domin a bidiyo ba ka san tsirkiyar da aka sa ba, ba ka san amfilifayar ba, balle yatsun mai kaɗawa.

Uku na gwada. Quarter Pound na Seymour Duncan, kamfanin da ke Kaliforniya, sandunan maganaɗisunsa manya ne, rubu'in inci kowanne, daga nan sunan ya fito. Yana da ƙarfi, sauti mai kauri ya cika, siririn sauti ya yi kaifi, kai kaɗai a ɗaki sai ka ji kamar ka sayi sabuwar jita. Model P na DiMarzio, 'yan Niyok, maganaɗisunsa na siramik ne, ƙarfinsa a tsakiyar sauti yake, kuma ana iya ɗaga ko sauke sandunansa ɗaya bayan ɗaya. Na uku irin na tsohon yayi ne mai maganaɗisun alniko, wanda ke bin tsarin da Fender ya fito da shi a 1957. Jamusawa ma suna yin nasu, irin su Delano da Häussel, aikinsu tsaf. Na ɗauki Model P. Dalilina ɗaya: inda muke kiɗa akwai ganga da fiyano, kuma sautin tsakiya shi ke ratsa hayaniya ya isa kunnen mai sauraro. Kaurin da ke burge mutum a ɗaki yakan nutse idan kowa ya fara.

Ni na ɗaura da kaina don in huta da ladan mai gyara, na kuwa ɗanɗana kuɗata. Sai da na gama like wayoyi sannan na ga ramin farantin robana ya matse, murfin bai shiga ba. Yamma guda na yi da zarto ina gugar roba a hankali. Laifina ne, ban auna ba.

To yanzu taka. Taka mai tsarin Jazz ce, wanda Fender ya fitar a 1960, fikof biyu dogaye, kowanne naɗi ɗaya. Irin wannan ƙugi halinsu ne, ba lalacewa ba ce. Naɗi ɗaya yana kama kukan wutar lantarki da ke yawo a ɗaki kamar eriya. An yi su biyun da maganaɗisu da naɗi masu saɓa wa juna, shi ya sa in ka buɗe maɓallan ƙarar sautinsu biyu har ƙarshe ƙugin yake mutuwa, in ka rage ɗaya ya dawo. Tawa ba ta da wannan matsala saboda an raba fikof ɗinta gida biyu, rabi yana kashe ƙugin rabi. Gwada buɗe maɓallan nan tukuna. Idan ka buɗe duka biyun ya yi shiru, fikof ɗinka lafiya lau suke. Idan kuwa wani zizz ne mai kaifi da ke raguwa in ka taɓa tsirkiya, wannan maganar wayar ƙasa ce da rashin rufi a cikin ramin, kuma tef ɗin jan ƙarfe da ake liƙawa a ciki yakan yi maganinsa. Sabon fikof mai naɗi ɗaya, komai sunansa, zai yi maka ƙugin nan dai.

EMG ɗin da kake so zai kashe ƙugin, wannan gaskiya ne, kuma sun sauƙaƙa aiki, wayoyinsu cusawa ake yi ba sai an kunna ƙarfen dalma ba. Amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana da ɗan amfilifaya a cikinsa, don haka yana cin batir mai bolt 9, sai ka samo wa batirin wurin zama a ramin da dama a matse yake. Maɓallanka na yanzu masu kilo-om 250 ne, shi kuwa masu 25 yake so, duk sai an sauya, har da bakin da ake soka kebul. In ka bar kebul a soke ka kwana, batir yana ta zuƙewa. Na taɓa ganin wanda nasa ya ƙare ana tsakiyar waƙa, sautin ya fara kakkarye kafin ya ɗauke. Muryarsa ma daban ce, tas-tas, kamar an wanke. Wasu suna so, ni dai takan yi mini sanyi. Akwai hanya ta tsakiya: fikof masu siffar Jazz da aka raba naɗinsu biyu a ciki, ba batir, ba ƙugi. DiMarzio suna yi, Bartolini da Nordstrand ma haka. Su na fi karkata in sayo maka.

Wani abu kuma da dattijon nan ya yi mini wanda ban biya ba. Da na koma nuna masa aikina, ya danna tsirkiya a matakin ƙarshe na wuyan jitar, ya zura ɗan ma'auni, ya ce na ɗaga fikof ɗin ya yi kusa da yawa. Ya sassauta sukuru har tazarar ta kai wajen milimita 3 a ɓangaren tsirkiya mai kauri, ya ɗan rage a ɓangaren siririya, ya sauya soson da ke ƙarƙashi domin tsohon ya lotse. Sannan ya shafa tsirkiyoyina da yatsa, ya kalle ni, ya tambaye ni shekararsu nawa. Na ce biyu. Bai ce komai ba, sabon saiti ya ɗauko. Rabin daɗin da nake yaba wa sabon fikof, in za a bi gaskiya, daga nan ya fito. Naka ma a faifan nan na ji sun mutu, zan haɗo maka da saiti.

Abin da nake buƙata daga wurinka shi ne awo. A tsarin Jazz na asali, fikof na kusa da gada, wato inda aka kafa gindin tsirkiyoyi, ya fi na kusa da wuya tsawo da kimanin milimita 3, amma wasu masu kwaikwayo sukan yi su tsawo ɗaya, kuma in na aiko wanda bai shiga ba, kwanakin mayarwa za su ƙare kaya suna hanya. Ka kwance kowanne ka auna tsawo da faɗi da zurfin rami da milimita, ba da ido ba. Ka auna tazarar ramukan sukuru, da tazara daga tsirkiyar farko zuwa ta huɗu daidai saman kowane fikof. Ka buɗe farantin maɓallai ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa komai. Ka gaya mini kuma ko ƙugin ya mutu da ka buɗe maɓallan biyu. Ka gaida Inna, ka ce mata zan kira ranar Lahadi.