Sharhi kan faifan farko na Jaco Pastorius

Na sayi faifan da makaɗin jaz Jaco Pastorius ya fitar da sunansa a 1976 ƙarƙashin kamfanin Epic, kuma shawarata ga mai niyyar saurarensa ita ce ya nemi lasifika mai kyau, domin ta wayar hannu tana haɗiye amon jitar bes, wato jita mai kaurin amo, alhali kuwa wannan amon shi ne abin da aka biya kuɗi a ji.

An haifi Pastorius a 1951 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, ya tashi a Fulorida, kuma da ganga ya fara kafin raunin da ya samu a wuyan hannu wajen wasan ƙwallo ya sa ya koma jita. Wannan asali yana fitowa fili a kiɗan farko, "Donna Lee", inda babu kowa sai shi da Don Alias mai ganga, Pastorius yana zuba da yatsu biyu irin gudun da aka saba ji daga masu busa, ba tare da amo ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa ba. Jitar tasa ƙirar Fender ce ta 1962 wadda ba ta da ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta, shi ya sa sautinta yake sulalewa daga murya zuwa murya kamar na goge. A "Continuum" ne na fi jin daɗin hakan, domin jitar da aka sani da zama a baya tana riƙe kiɗa ita ce ta fito gaba tana rerawa. "Portrait of Tracy" kuwa, wanda ya sa wa sunan matarsa, ya gina shi ne da taɓa tsirkiya sama-sama ba tare da danne ta ba, har mai sauraro ya rantse ƙararrawa ake bugawa.

Inda faifan ya rage mini armashi shi ne yawan sauya salo. "Come On, Come Over", da mawaƙa Sam da Dave suka rera, waƙa ce mai daɗi, amma zuwanta nan take bayan "Donna Lee" yana yanke wa mutum nutsuwa, kuma a ganina matashin ya so nuna duk abin da ya iya a zama ɗaya.

A shekarar 1976 ɗin ce ya shiga ƙungiyar makaɗan jaz ta Weather Report, ya kuma yi wa mawaƙiya Joni Mitchell kiɗa. Daga baya lalurar taɓin hankali da shaye-shaye suka durƙusar da shi, ya rasu ranar 21 ga Satumba 1987 yana da shekara 35, sakamakon dukan da mai gadin wani gidan rawa ya yi masa a Fulorida. Mai koyon jitar bes zai ci moriyar kuɗinsa a faifan nan, wanda kuma bai saba da jaz ba gara ya fara da "Heavy Weather", faifan Weather Report na 1977, domin ya fi sauƙin shiga kunne.